Ƙofar Kotu A Buɗe Take, Amma Sai Da Izini: Yadda Ake Hana Fursuna Ɗaukaka Ƙara A Amurka

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa ya gabatar wa matasa a zaman tattaunawarsu na mako-mako. Mun kawo maku shi kamar yadda ya gabatar, illa 'yan gyare-gyaren da rubutu ya tilasta. A sha karatu lafiya.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da alayensa tsarkaka da sahabbansa zaɓaɓɓu.



Abin da aka ɗora mani in yi magana a kai yau wani ɗan lungu ne a cikin dokar Amurka, wanda ko su Amurkawan ba kowa ya san da shi ba sai lauyoyi da waɗanda ke kulle. Wato yadda kotu ke hana fursuna izinin ɗaukaka ƙara bayan an yi watsi da kokensa na cewa ba bisa ƙa'ida ake tsare da shi ba. Wani zai ce ina ruwanmu? To, ruwanmu shi ne mu san yadda ake iya toshe wa mutum hanyar adalci ba tare da an karya doka ko guda ba. Wanda bai san wannan ba, in ya ji an ce "ai kotu ta duba ta ƙi", sai ya ɗauka magana ta ƙare.

Bari mu fara da ita wannan takarda da Turawa ke kira habiyas kofas. Kalmar Latin ce, ma'anarta a kawo gangar jikin mutumin. Umarni ne da alƙali ke aika wa wanda ke riƙe da wani a kurkuku: fito da shi ka kawo shi gabana, ka gaya mani da wace doka kake riƙe da shi. In ba hujja, a sake shi. A Ingila abin ya samo asali, har majalisarsu ta yi masa doka ta musamman a 1679. Da Amurkawa suka zo rubuta tsarin mulkinsu a 1787, suka sa a ciki cewa ba za a dakatar da wannan haƙƙi ba sai in an yi tawaye ko abokan gaba sun shigo ƙasa. A 1867, bayan yaƙin basasarsu, majalisa ta faɗaɗa shi: wanda kotun jiha ta ɗaure, yana iya zuwa kotun tarayya ya ce an taka masa haƙƙinsa na tsarin mulki a wajen shari'ar. Wannan shi ne abin da fursunonin Amurka ke rataye da shi har yau. In kotunan jiha sun gama da kai, ƙofar da ta rage ke nan.

A nan ƙasar mun san wata hanyar kashe wannan haƙƙi. Doka ta 2 ta 1984 ta ba sojoji ikon tsare mutum ba shari'a, sannan a 1994, zamanin Abacha, aka ƙaro Doka ta 14 wadda ta hana kotu ba da umarnin a kawo wanda ake tsare da shi. Soja ba ya ɓoye-ɓoye, ya rubuta baro-baro ya buga tambari, kuma daga baya an soke dokokin. Ta Amurka ba haka take ba. Haƙƙin yana nan a rubuce, ba wanda ya goge shi. Sai dai an jera masa ƙofofi, kowace ƙofa da mai gadinta.

Ga yadda abin yake. Ka shigar da kokenka a kotun tarayya ta farko. Alƙali ya duba ya ce ba ka da gaskiya. A yawancin shari'o'i, wanda aka kayar yana da damar ya wuce kotun ɗaukaka ƙara kai tsaye, ba sai ya roƙi kowa ba. Ɗan kasuwan da aka kayar a rikicin kwangila haka yake yi. Amma kai fursuna, a'a. Sai ka samu wata takarda, takardar izinin ɗaukaka ƙara. Wa zai fara duba ko ka cancanci takardar? Shi dai wannan alƙalin da ya gama korar ƙararka yanzun nan. Wato ana tambayarsa ne, "Ranka ya daɗe, kana ganin akwai yiwuwar ka yi kuskure?" Ku da kanku kun san amsar da ɗan Adam ya fi bayarwa. In ya ƙi, sai ka roƙi kotun ɗaukaka ƙarar ita kanta ta ba ka. In ita ma ta ƙi, to ba za a ma buɗe fayil ɗinka a saurari hujjojinka ba. Sau da yawa ƙin nan layi biyu ne ko uku a takarda, ba dogon bayani.

Ku kuma lura da wannan, don shi ya fi ba ni haushi. In kai fursuna ne ka ci shari'ar, gwamnati ce aka kayar, ita ba ta bukatar wata takardar izini. Lauyoyinta za su ɗaukaka ƙara kai tsaye. Ƙa'idar kotunan tarayya ce ta faɗi haka ƙarara. Ka ga ke nan mai gadin ƙofar nan fuska ɗaya yake kallo.

Shi wannan sharaɗi na neman izini ya daɗe, tun 1908 majalisarsu ta kawo shi, bisa hujjar cewa waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa suna amfani da ɗaukaka ƙara don jan lokaci. Amma siffar da yake da ita yanzu ta zo ne a 1996, kuma labarin zuwanta ya kamata ku sani. Ranar 19 ga Afrilu 1995 aka tayar da bam a wani ginin gwamnatin tarayya a birnin Oklahoma, mutum 168 suka mutu, har da ƙananan yara. Tun ƙura ba ta lafa ba kafafen labarai da masu sharhi suka fara nuna Musulmi da Larabawa da yatsa. Kwana biyu bayan nan sai ga shi wanda ya yi abin Ba'amurke ne farar fata, tsohon sojansu, Timothy McVeigh. A cikin wannan zafin ne majalisa ta yi dokar da suka kira ta yaƙi da ta'addanci da gaggauta hukuncin kisa, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu ranar 24 ga Afrilu 1996. Sunanta ta'addanci, amma waɗanda ta faɗa wa su ne dubban fursunonin jihohi da ba su taɓa ganin bam ba.

Me dokar ta yi? Ta ba fursuna shekara ɗaya tak ya shigar da kokensa, in ya wuce shi ke nan. Ta ce in ka taɓa shigarwa sau ɗaya, ba ka sake na biyu sai alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara sun yarje maka. Ta ce wa alƙalin tarayya, ko da kana ganin kotun jiha ta yi kuskure, ba za ka taɓa hukuncinta ba sai in kuskuren ya wuce abin da hankali zai ɗauka. Sannan ta ce takardar izinin nan ba za a bayar ba sai fursuna ya nuna alama mai ƙarfi cewa an hana shi wani haƙƙi na tsarin mulki, kuma dole a rubuta a kan wace mas'ala aka ba shi, ba zai taɓo wata ba.

Kar ku manta ko waye ake nema ya yi duk wannan. In ba hukuncin kisa aka yanke maka ba, gwamnati ba dolenta ba ne ta ba ka lauya a wannan mataki. Wani bincike da Farfesa Nancy King ta jami'ar Vanderbilt da abokan aikinta suka fitar a 2007 ya duba koke 2,384 na fursunonin da ba na kisa ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 ba su da lauya. Guda 7 ne kacal suka yi nasara. Bakwai, 'yan'uwa. Mutum ne a ɗaki, wataƙila ko sakandare bai gama ba, da fensir da takarda, an ce ya rubuta abin da zai gamsar da alƙalai.

A bisa rubutu dai sharaɗin ba mai tsanani ba ne. Kotun Ƙolinsu ta yi bayani a 2000 cewa abin da ake nema kawai shi ne, shin alƙalai masu hankali za su iya saɓawa a kan mas'alar? Ba a ce ka nuna za ka ci ba. Ka dai nuna maganarka abin tattaunawa ce. To amma bari ku ji yadda ake yi a aikace.

Wani baƙar fata mai suna Thomas Miller-El, an yi masa shari'ar kisan kai a Dallas ta jihar Teksas a 1986. A tsarinsu mutum 12 ake zaɓa daga cikin jama'a su saurari shari'a su yanke ko mutum ya yi laifi, su ake ce wa juri. Cikin baƙaƙen fata 11 da suka cancanci zama a jurin, masu gabatar da ƙara suka cire 10. An kuma kawo shaidar cewa ofishin nan ya taɓa samun littafin horar da ma'aikata da ke ba da shawarar a riƙa kauce wa sa tsiraru a juri. Duk da haka Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shiyya ta Biyar, wadda ke kula da Teksas da Luwiziyana da Misisifi, ta ce wannan bai ma kai abin tattaunawa ba, ta hana shi izini. A 2003 Kotun Ƙoli, alƙalai 8 a kan 1, ta ce ku ba shi. Suka ba shi, suka saurara, suka sake korar sa. Sai da Kotun Ƙoli ta sake karɓar maganar a 2005 ta rushe hukuncin da kanta. Shekara 19 ke nan daga ranar shari'ar.

Amma wanda nake so mu tsaya a kansa shi ne Duane Buck.

Tun farko in gaya maku, Buck ba wanda aka yi wa ƙage ba ne. A watan Yulin 1995 a birnin Hustan ya harbe tsohuwar budurwarsa da wani mutum har lahira, ya kuma harbi 'yar'uwarsa, Allah ya yi da sauran kwananta. Bai musa ba. Rayuka biyu sun tafi, kuma 'ya'yan matar suna wurin. Ba mai wanke shi. Abin da ake jayayya a kai shi ne yadda aka kai ga yanke masa kisa.

A dokar Teksas, kafin a yanke wa mutum kisa sai juri sun gamsu cewa zai ci gaba da zama haɗari ga jama'a nan gaba. A shari'arsa a 1997, lauyansa, na kansa fa, wanda kotu ta ba shi, ya kira wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Walter Quijano ya ba da shaida. Shi wannan masani ya zo da rahoton da ke lissafa abubuwan da ke ƙara yiwuwar mutum ya yi ta'adi, a ciki har da launin fata: wai kasancewa baƙi yana ƙara yiwuwar. Lauyan ya ga rahoton tun kafin a shiga kotu, amma ya kira shi, ya kuma miƙa rahoton a matsayin shaida. Mai gabatar da ƙara ya samu nama, ya sake tambayarsa a gaban juri ko baƙar fata na ƙara haɗari, ya ce ƙwarai. Juri suka shiga ɗaki suka yi kwana biyu suna shawara, har suka aiko a ba su rahotannin masanan su duba. Suka fito da hukuncin kisa.

A shekarar 2000 asiri ya tonu a wata shari'ar dabam, ta wani ɗan Ajantina mai suna Victor Saldano, inda shi dai Quijano ya yi irin wannan magana. Antoni Janar na Teksas na lokacin, John Cornyn, ya fito ya amsa cewa kuskure ne, ya ce ofishinsa ya gano wasu shari'o'i 6 masu irin wannan matsala. Buck na cikinsu. Biyar aka yarda aka sake masu zaman yanke hukunci. Da aka zo kan Buck sai jihar ta juya baya, ta ce ai shi lauyansa ne ya kira masanin. Alhali kuwa a cikin biyar ɗin nan akwai biyu da su ma lauyoyinsu ne suka kira shi.

To me ya hana kotun tarayya ta gyara? Ƙa'ida. Lauyan da aka ba shi a matakin koke na farko a jiha bai ɗago maganar sakacin lauyan farko ba. A dokarsu, abin da ba ka ɗago a kan lokaci ba ya faɗi, ko da ba laifinka ba ne. Wato lauya na ɗaya ya jefa shi rami, lauya na biyu ya manta ya faɗa, shi kuma aka ce ya mutu a kan mantuwarsu. Ranar 15 ga Satumba 2011 aka sa za a yi masa allurar guba. An riga an kai shi gidan yarin Huntsville inda ake zartarwa, sai da yamma Kotun Ƙoli ta aiko a dakata. Bayan wata biyu kuma ta ce ba za ta saurari ƙarar ba.

Sai a 2012 da 2013 Kotun Ƙolin ta yi wasu hukunce-hukunce biyu da suka sassauta waccan ƙa'ida, ta ce in sakacin lauyan matakin koke ne ya jawo, ana iya buɗe maganar. Sabbin lauyoyin Buck suka koma kotun tarayya a 2014 suka ce a sake buɗe fayil. Alƙali ya ce maganar launin fatar nan 'yar kaɗan ce a cikin shari'ar, ba ta taka kara ta karya ba. Ya ƙi buɗewa, ya kuma ƙi ba da izinin ɗaukaka ƙara. Aka je Shiyya ta Biyar a 2015, su ma suka ce ba wani abin mamaki a wannan ƙara, irin koken sakacin lauya ne da aka saba gani. Ba izini.

Ku tsaya ku auna wannan. An gaya wa juri a cikin kotu cewa fatar mutum hujja ce a kan ya cancanci mutuwa. Gwamnatin jihar da bakinta ta ce kuskure ne. An gyara wa mutum biyar. Amma kotu ta ce wai ba wasu alƙalai masu hankali da za su ma yi saɓani a kai. Wane irin hankali ake nufi ke nan?

Ranar 22 ga Fabrairu 2017 Kotun Ƙoli ta rushe wannan, alƙalai 6 a kan 2. Babban Joji John Roberts, wanda ba a san shi da sassauci ga masu laifi ba, shi ya rubuta hukuncin. Ya ce doka tana hukunta mutum ne a kan abin da ya aikata, ba a kan ko shi waye ba. A kan cewa maganar kaɗan ce, ya ce akwai gubar da ɗigo kaɗan ma kisa take yi. Ya kuma nuna inda ƙaramar kotun ta yi coge: a maimakon ta tambayi ko maganar abin tattaunawa ce, sai ta yanke ainihin ƙarar a tsaye a bakin ƙofa, ba tare da cikakken sauraro ba, sannan ta ce tunda ba zai ci ba, ba sai ya shigo ba. A watan Oktoban 2017 aka mayar da hukuncin Buck ɗaurin rai-da-rai, da ƙarin shekara 60 sau biyu a kan yunƙurin kisa. Ba a sake shi ba, kuma ba wanda ya ce a sake shi.

Lauyoyinsa sun kai wa Kotun Ƙoli wani lissafi da ya kamata ku riƙe. Sun ƙirga ƙararrakin masu hukuncin kisa na kimanin shekara biyar daga 2011. A Shiyya ta Biyar an hana izini gaba ɗaya a kusan kashi 59 cikin 100. A Shiyya ta Sha Ɗaya, mai kula da Fulorida da Jojiya da Alabama, kusan kashi 6 ne. Doka ɗaya, ƙasa ɗaya, jimla ɗaya ake karantawa. Bambancin kawai a wace jiha aka ɗaure ka.

Na san wani zai tambaya, to su masu kare wannan tsari ba su da hujja ne? Suna da ita, kuma bai kamata mu ɓoye ba. Suna cewa koke dubbai ke shigowa kowace shekara, mafi yawansu ba komai a ciki, mutum ne yana zaune ba aikin yi yana gwada sa'a. Suna cewa dangin wanda aka kashe su ma suna da haƙƙi, ba za a yi ta jan su kotu shekara 20 ana tayar masu da miki ba. Dole shari'a ta samu ranar ƙarewa. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma rariyar da aka yi don tace tsakuwa, in aka ga tana riƙe irin ƙarar Miller-El da ta Buck, to ba tsakuwa kaɗai take riƙewa ba. Su biyun nan ma don hukuncin kisa ne, suna da ƙwararrun lauyoyi, jaridu sun ɗauka. Kotun Ƙoli ƙararraki dubbai ake kai mata a shekara, waɗanda take saurara ba su kai 100 ba. Shi wanda aka ɗaure shekara 40 ba lauya, aka aiko masa layi biyu cewa an ƙi, wa zai ji labarinsa?

Kuma in kuna son ku ga iyakar da bautar ƙa'ida ke kaiwa, ga Keith Bowles na jihar Ohayo. An kori kokensa, aka ba shi ƙarin lokaci ya ɗaukaka ƙara. Doka ta ce kwana 14. Alƙali da hannunsa ya rubuta masa ranar da ta kama kwana 17, wato 27 ga Fabrairu 2004. Aka shigar masa da takarda ranar 26, kwana ɗaya kafin ranar da alƙali ya ba shi. A 2007 Kotun Ƙoli, 5 a kan 4, ta ce ya makara da kwana biyu, alƙali ba shi da ikon ƙara masa, don haka ba ƙara. Alƙali ya yi kuskure, fursuna ya biya.

Kar kuma ku tashi da zaton cewa kullum Kotun Ƙoli na zuwa ceto. Keith Tharpe, baƙar fata ne a jihar Jojiya, an yanke masa kisa a 1991 a kan kashe matar ɗan'uwan matarsa. Bayan shekara 7 lauyoyinsa suka je wajen ɗaya daga cikin jurin, wani farar fata, ya sa hannu a takardar rantsuwa inda ya kira baƙaƙe da sunan nan na wulaƙanci, ya kuma ce shi har yana tantamar ko baƙar fata na da rai irin na mutane. Wannan mutum yana cikin 12 da suka ce a kashe Tharpe. Daga baya ya ce a buge yake lokacin da ya sa hannu, kotun jiha kuma ta karɓi cewa ra'ayinsa bai shafi hukuncin ba. Shiyya ta Sha Ɗaya ta hana izini. Daren 26 ga Satumba 2017, lokacin da aka sa za a kashe shi har ya wuce, Kotun Ƙoli ta ce a dakata, a Janairun 2018 kuma ta mayar da ƙarar ta ce a sake dubawa. Suka sake dubawa, suka samo wata ƙa'idar dabam, suka sake hana shi. A watan Maris 2019 Kotun Ƙoli ta ce wannan karon ba za ta shiga ba. Tharpe ya rasu a kurkuku a Janairun 2020 saboda rashin lafiya, yana jiran a sa masa sabuwar rana, kuma har ya mutu ba kotun ɗaukaka ƙarar da ta zauna ta saurari maganar wancan ɗan juri.

Lokacin da aka ba ni ya ƙare, na ga ana yi mani alama. Mai tambaya ya ɗaga hannu.